Mizanin Amana: Waƙa da Sharhinta a kan Baƙon da Ya Gudo Domin Addininsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya yalwata ƙasa domin bayinsa su sami wurin gudu idan an ƙuntata musu. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, Muhajirai da Ansaru, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, Allah ya datar da ni da kai, ka san dalilin wannan 'yar waƙa. A shekarar 2014 baƙi biyu suka sauka a masallacin unguwarmu ta Awanje, cikin birnin Libarbil na ƙasar Gabon, kowannensu yana son dattawa su rubuta masa takardar shaida cewa addini ne ya koro shi. Na farko mahauci ne, ya ce daga Bangi ya fito. Muka tambaye shi farillan alwala da hukuncin ƙabli da ba'di, ya yi ta inda-inda, sai muka yi shakkarsa. Na biyu saurayi ne mai kaifin baki, labarinsa a jere kamar haddar allo, har muka kusa sa masa hannu. Bayan 'yan kwanaki waɗansu fatake suka shaida mahaucin, sun san rumfarsa, sun san ƙanensa da aka kashe. Saurayin kuwa ya same ni ni kaɗai ya ce, "Allah gafarta Malam, wani dillali ne ya koya mini labarin, na biya shi." Kunya ta kama ni, zama na auna mutum biyu na yi kure a duka biyun. Shi ya sa na koma ga abin da malamanmu suka karantar da mu, na tsara waɗannan baitoci.

FASALI NA FARKO: TAMBAYA

Da sunan Ta'ala nake fara waƙa,
Gwani Mai tsare wanda duk ya yi hijra.

Salati ga Manzo da alai sahabbai,
Mazajen da sunka yi ƙaura su tsira.

Idan ga shi baƙo a ƙofa da tsoro,
Da me za mu gane shi? Sai ku yi lura.

Faɗarsa ibada ta sa shi gudowa,
Ashe gaskiya ce, walau dai tijara?

Sharhi: Wannan tambaya tana gaban hukuma, tana kuma gaban liman da mai unguwa da tafinta. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Janeba ran 28 ga Yuli 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda yake wajen ƙasarsa saboda tsoro mai tushe cewa za a tsananta masa domin launin jinsinsa, ko addininsa, ko ƙasar asalinsa, ko rukunin jama'ar da yake ciki, ko ra'ayinsa na siyasa. Sashenta na 33 ya hana a mai da shi inda ransa ko 'yancinsa yake cikin haɗari. Ƙasashen Afirka suka ƙara da tasu a Adis Ababa ran 10 ga Satumba 1969, wadda ta shigar da wanda yaƙi ko babban hargitsi ya kora. Gabon tana cikin duka biyun, kuma ta kafa dokarta mai lamba 5/98 ran 5 ga Maris 1998, da hukumar da ke duba cancantar mai nema, da wurin ɗaukaka ƙara ga wanda aka hana.

Wannan ƙasa ta daɗe da sanin korarru. Nan Faransawa suka kawo Shaihu Ahmadu Bamba na Sanagal daga 1895 zuwa 1902, ya zauna Mayumba da Lambarene. Nan jiragen sama suka sauke yaran Biyafara lokacin yaƙin basasar Nijeriya. Nan mutanen Kongo suka fake sa'ad da yaƙi ya ci ƙasarsu tsakanin 1997 da 1999.

FASALI NA BIYU: JIN BAKIN MAI NEMA

Ku dubi Najashi da anka yi toshi,
A ce masa baƙinka ba mu, ka kora.

Ya ƙi shi miƙa su sai ya ji nasu,
Da kunne guda ba a yanke wa ƙara.

Sharhi: A shekara ta biyar da aiko Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sahabbai suka ƙetare teku zuwa Habasha, ƙasar Kirista. Ƙuraishawa suka aiki Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a da tsarabar fatun Makka. Suka fara raba wa fadawa, domin fadawa su sa baki a miƙa musu baƙin ba tare da an saurare su ba. Ka lura da wannan dabara, ya ɗan'uwa: abin da azzalumi ya fi tsoro shi ne a ji bakin wanda ya zalunta. Najashi ya ƙi. Ya kira su, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi bayani, ya karanta farkon Suratu Maryam. Kashegari Amru ya sake tada maganar Annabi Isa domin ya haɗa su da sarki, aka sake kiransu, suka faɗi abin da suka yi imani da shi ba ragi. Sarki ya mayar wa manzanni da tsarabarsu, ya ba baƙi amana.

Hukunci uku muka samu a nan. Na ɗaya, ba a yanke wa mai neman mafaka hukunci sai an ji shi da kansa, cikin harshen da ya iya. Na biyu, maganar waɗanda ya gudo daga gare su ba ta isa hujja a kansa ba, domin su ne abokan shari'arsa. Na uku, mai awo ba ya karɓar toshi daga kowane ɓangare.

FASALI NA UKU: JARRABAWA DA IYAKARTA

Ta'ala ya ce jarrabawa a yi ta,
Ga mata da sunka taho, can a sura.

Sanin zuci Nasa, mu namu alama,
Mu auna da hujja, mu duba ishara.

Sharhi: Idan wani ya ce, to me ya sa za a binciki wanda ya zo yana kuka, ba sai a karɓe shi kurum ba? Sai mu ce masa: Allah da kansa ya yi umurni da bincike. Bayan sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 ta Hijira, Ummu Kulsum 'yar Uƙba ta gudo Madina, 'yan'uwanta biyu, Walidu da Umara, suka biyo ta. Sai aya ta 10 ta Suratul Mumtahana ta sauka, ta yi umurni a jarraba muminai mata masu hijira, ta hana a mai da su idan an san muminai ne. An ruwaito daga Ibnu Abbas cewa jarrabawar rantsuwa ce: mace ta rantse ba ƙin miji ya fito da ita ba, ba sha'awar wata ƙasa ba, ba neman duniya ba, son Allah da Manzonsa ne kaɗai.

Amma cikin wannan aya ɗin dai Allah ya faɗa cewa Shi ne mafi sanin imaninsu. Malamai suka ce sanin da aka ɗora mana shi ne zato mai rinjaye, wanda ake samu daga alamomi. Ka tuna da Usamatu ɗan Zaidu, wanda ya kashe mutumin da ya furta shahada a fagen fama, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi. Annabi ya yi masa faɗa mai tsanani, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ne ya duba. Saboda haka bincike wajibi ne, iyakarsa kuwa zahiri.

FASALI NA HUƊU: ABIN DA ZA A TAMBAYA

Ka bar jarraba shi da zurfin karatu,
Da anka biyo shi ina an ji sura?

Ka nemi abin da ya same shi baya,
Da wanda idan ya koma ke jira.

Sharhi: Nan ne muka yi kure game da mahaucin. 'Yan Seleka sun kama Bangi cikin Maris 2013, suka cuci jama'a, Kirista suka sha wuya a hannunsu. Ran 5 ga Disamba 2013 'yan Anti-balaka suka auka wa birnin, daga nan aka shiga farautar Musulmi, dubbai suka gudu Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka takure a unguwar Kilomita Biyar. Mai adda a hannu bai tambayi kowa farillan alwala ba. Suna ya duba, da riga, da unguwa. Ashe ana iya kashe mutum domin addinin da shi kansa bai iya karatunsa ba, har ma domin addinin da aka jingina masa kawai.

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta fid da jagora a kan wannan cikin Afrilu 2004. Ta ce addini a nan yana nufin akida, ko jama'ar da aka san mutum da ita, ko hanyar zamansa ta yau da kullum. Ta kuma yi gargaɗi cewa ilmin mutum yana bin gidan da ya tashi da karatun da ya samu, saboda haka ƙarancin sani ba ya nuna ƙarya. A 2016 wani rukunin 'yan majalisar Ingila ya fid da rahoto yana sukar yadda ake tambayar masu cewa sun shiga Kirista su lissafa dokokin nan goma ko adadin littattafan Baibul. Maƙaryaci yana iya haddace wannan cikin dare ɗaya, mai gaskiya kuwa tsoro ya ɗaure masa harshe.

To me za a tambaya? A bar shi ya ba da labari da bakinsa: ina yake ibada, wa yake ja musu, wace rana abin ya fara, ta wace hanya ya fito, wa ya bari a baya. Sa'an nan a gwada da abin da aka sani game da ƙasar. Kada a kama shi da kuren kwanan wata, zama wanda ya kwana daji da gudu ba ya riƙe lissafi. Kada kuma a ce masa, kai Musulmi ne daga ƙasar Musulmi, wa zai taɓa ka? Waɗanda suka kai hari babban masallacin Juma'a na Kano ran 28 ga Nuwamba 2014 da sunan addini suka yi shi.

FASALI NA BIYAR: KO ZA A CE YA KOMA YA ƁOYE?

Ka bar ce da shi koma ɓoye ibada,
Tuna da Sadiƙu, ya ƙi shawara.

Ruhusar Ammaru ta mai shan wuya ce,
Ba ta zama sanda ga mai takura.

Sharhi: Waɗansu sukan ce, ai da ya yi ibadarsa cikin ɗaki ya ja bakinsa, da ba wanda ya taɓa shi. Ka ji abin da ya faru ga Sayyidina Abubakar. Ya fita Makka da nufin Habasha, Ibnu Dagina ya komo da shi cikin kariyarsa. Ƙuraishawa suka yarda bisa sharaɗin ya riƙa salla da karatu cikin gidansa. Daga baya ya gina wurin salla a ƙofar gida, mata da yara suna taruwa suna jinsa. Da aka ce ko ya ɓoye ko ya mai da kariyar, sai ya mai da ita, ya dogara ga Allah. Haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo: Sarkin Gobir Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya hana kowa shiga Musulunci in bai gada ba. Ba a ce wa jama'a su tuɓe rawani su zauna lafiya ba. Da tsanani ya ƙaru zamanin Yunfa, sai aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804.

Idan wani ya kawo hujja da Ammaru ɗan Yasir, wanda azaba ta sa ya furta abin da ba ya cikin zuciyarsa, Allah kuwa ya yi masa uzuri a aya ta 106 ta Suratun Nahli, sai mu ce: wannan sauƙi ne da Allah ya ba wanda yake hannun azzalumi. Ba a ba alƙali shi domin ya mai da wanda ya riga ya kuɓuta ba. Kotun Tarayyar Turai ta kai ga irin wannan ran 5 ga Satumba 2012, cikin shari'ar mutum biyu 'yan Ahmadiyya daga Fakistan da suka nemi mafaka a Jamus. Ta ce ba a sa ran mai nema ya bar bayyana ibadarsa domin ya kauce wa tsanani. Kotun ba ta yi hukunci a kan ingancin akidarsu ba, haɗarin da ke jiransu ta auna.

FASALI NA SHIDA: WANDA BA NAKA BA

Idan ba Musulmi ba ne ya biɗe ka,
Ka ba shi amana, ka kai shi ya tsira.

Abin da kake so a yi wa na Bangi,
Na Gwoza a ba shi cikakke, ba saura.

Sharhi: Wannan shi ne wurin da ake gane mai adalci. Aya ta 6 ta Suratut Tauba ta umurci Annabi ya ba mushiriki kariya idan ya nema, domin ya ji maganar Allah, sa'an nan a isar da shi inda zai aminta. Ba a sharɗanta masa musulunta ba. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8, Ummu Hani ta ba waɗansu dangin mijinta kariya, ɗan'uwanta Sayyidina Aliyu yana neman su, Annabi ya zartar da kariyarta. Shi kansa Annabi, da ya komo daga Ɗa'ifa, cikin kariyar Muɗ'imu ɗan Adiyyu ya shiga Makka, shi kuwa mushiriki ne, kuma Annabi bai mance masa da ita ba har bayan Badar.

Cikin Agusta 2014 'yan Boko Haram suka kama Gwoza, bayan sun kashe sarkinta Idrisa Timta a watan Mayu. Musulmi suka gudu, Kiristan ƙauyukan duwatsu suka gudu, da yawa suka tsaya sansanin Minawawo a Kamaru. Idan ɗayansu ya iso ƙofarka, da mudun da ka auna wa mahaucin Bangi za ka auna masa. Wanda ya yi kuka domin nasa kaɗai, ya toshe kunne ga na wani, ƙabilanci yake yi ya sa masa rigar addini. Mu kanmu baƙi ne a ƙasar da mafi yawan mutanenta Kirista ne, muna kiran salla a fili. Ya kamata mu fi kowa gane wannan.

FASALI NA BAKWAI: MAI ARON HAWAYE DA MAI YI MASA SHAIDA

Fatauci halas ne, ka ce shi ka zo yi,
Hawayen waninka ka daina ara.

Da liman da mai unguwa masu shaida,
Ku san za a tambai ku can lahira.

Sharhi: Ban ce saurayin nan mugu ne ba. Talauci ya koro shi, katin zama kuwa, wanda ake kira sejur, yana da tsada da wuyar samu, ga Gabon ba ta cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma balle ɗan Nijeriya ya shigo ba biza. Na ce masa, "Ɗana, kakanninmu fatauci ya kai su Gwanja da Adamawa har ya kawo su nan, ba su ji kunyarsa ba." Hadisin niyya ya nuna akwai mai ƙaura domin Allah, akwai mai ƙaura domin duniya ko aure, kowa da abin da ya nufa. Ƙaurar neman halas ba zunubi ba ce. Zunubin yana cikin sauya mata suna.

Idan wani ya ce, ƙarya ce wadda ba ta cuci kowa ba, ta kuwa ceci talaka, sai mu ce: ta cuci mahaucin. Duk labarin da aka saya aka haddace, idan asirinsa ya tonu, yakan bar shakka a zuciyar ma'aikaci, mai gaskiyar da zai zo gobe shi zai biya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ta kuma cuci masallaci, domin ranar da aka gane takardar liman ana samunta da roƙo ko da kuɗi, ta zama takardar banza ko ga wanda ya cancanta. Shaidar zur tana cikin manyan kaba'irai. Ya kai liman, rubuta abin da ka gani da abin da amintattu suka shaida a gabanka, ka bambanta su da abin da aka gaya maka. Ya kai tafinta, kada ka ƙara gishiri domin tausayi, kada ka rage domin ƙiyayya. Irin wannan saurayi kuwa hakkinsa yana kan jama'a: a haɗa masa taimako ya nemi takardunsa ta hanyar halas, ko a yi masa guzuri ya koma gida da mutuncinsa.

FASALI NA TAKWAS: IDAN SHAKKA TA RAGE

Idan ka yi shakka, awo ya daidaita,
Kure a riƙe ya fi sauƙin hasara.

Sharhi: Bayan an yi dukan abin da za a iya, sau da yawa ba a samun yaƙini, domin mai gudu ba ya tsayawa neman takarda daga wanda ya biyo shi. Sai ka dubi kure biyu ka gwada nauyinsu. Idan ka karɓi maƙaryaci, hasarar ita ce mutum guda ya sami zaman da bai cancanta ba, kuma ana iya janye shi ranar da gaskiya ta fito. Idan ka mai da mai gaskiya aka kashe shi, babu ɗaukaka ƙara a kabari. Domin haka littafin jagoran da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1979 ya ce nauyin binciko gaskiya yana kan mai nema da mai bincike tare, kuma idan labarin ya haɗu, bai saɓa wa abin da aka sani ba, sai a bar shakka ta amfane shi.

Tambihi: wannan bai shafi wanda akwai ƙwaƙƙwaran dalili cewa shi ma hannunsa da jinin bayin Allah ba. Yarjejeniyar 1951 ta fid da mai laifin yaƙi da mai babban laifi daga kariyarta. Mutanen Uraina sun sami masauki a Madina, suka kashe makiyayi suka kore raƙuma, aka bi su aka hukunta su. Gudu ba ya wanke jini, mafaka ta wanda aka zalunta ce.

KAMMALAWA

Ta'ala ka kwantar da fitnar ƙasashe,
Ka mai da mutane gida da bushara.

A nan Awanje na cika ta da hamdu,
Idan kun ga aibu ku taimaka gyara.

Baitocinta goma sha tara ne. Abin da na dace a ciki daga Allah ne, abin da na yi kure daga gare ni ne, ina neman gafararsa. Na roƙi mahaucin nan ya yafe mini, ya ce ya yafe. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi cikin addu'a, da ƙanensa, da duk wanda yake kan hanya bai san inda zai kwana ba. Allah ya ƙara tsira da aminci ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya, amin.

Tamat bi hamdillahi.